Gadon Da Ba A Raba Shi A Gaban Alƙali

Ɗana,

Mahaifiyarka ta shaida mini cewa tun da sakamakon gwajin nan ya fito ka rage cin abinci, ka daina fita majalisa bayan isha'i, in an tambaye ka kuma sai ka ce gajiyar aiki ce. Ba ita ta aiko ni ba. Kawu ba ya jiran gayyata a irin wannan, balle kawun da ya tsufa a aikin asibiti, ya sha ganin yadda maza ke karɓar takardar da ba su so, su ninke ta huɗu, su cusa a aljihun gaba, su ce "ba komai" alhali da komai.

Ba zan ce maka kada ka damu ba. Kai ka yi jinyar mahaifinka, Allah ya jiƙansa, lokacin da ciwon dajin furostet ya kai masa ga ƙashin baya. Kai ke ɗaga shi, kai ke kwantar da shi. Ka san yadda gwaggonka ta tafi da kumburin ciki tana da shekara arba'in da 'yan kai. Ga ƙanwarka yanzu tana karɓar maganin sankarar mama, ita da ba ta cika 36 ba. Wanda ya ga duk wannan da idonsa, sannan aka ce masa tangarɗar da aka samu a jinin ƙanwarsa, a ƙwayar gadon da ake kira BRCA2, shi ma yana ɗauke da ita, in bai ji komai ba to shi ne abin a duba. Wannan ba raunin imani ba ne, ba kuma ragwantaka ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na ga ka zaunar da damuwar a ɗaki ba ka ba ta aikin yi ba, ita kuwa in ba ta da aiki, mai ita take ci.

Mu fara da abin da takardar ta ce, don na lura abin da kake tsoro kake karantawa a cikinta. Jikin ɗan Adam ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kullum suna rabuwa suna sabuntawa, kuma duk wadda za ta rabu sai ta kwafi bayanin halittar da ke cikinta. Wajen kwafar, da wajen gwagwarmayar yau da gobe, bayanin yakan tsage. BRCA1 da BRCA2 suna cikin masu gyaran wannan tsagewar. Kowa yana da su, mace da namiji, kuma kowace ɗaya biyu ake ba mutum, guda daga uwa, guda daga uba. Ka ɗauka magina biyu ne aka ajiye wa gidan ƙasa, suna bin katanga suna yaɓe duk inda ta tsage kafin ruwa ya shiga. Kai an haife ka ɗaya daga cikin maginan hannunsa ba ya aiki. Ɗayan yana nan, kuma ya isa. Shi ya sa ka kai shekara 38 ba abin da ya same ka. Matsala takan zo ne idan a cikin wata ƙwaya guda, a ƙirji ko a furostet, shi ma na biyun ya kasa, sai ɓarna ta yi ta taruwa ba mai gyara. Hakan yana iya faruwa. Yana kuma iya ƙin faruwa har mutum ya tsufa ya tafi da wani sanadin dabam, kuma haka abin yake kasancewa ga maza da yawa masu irin takardarka.

Ga lissafin, gara ka ji shi daga wurina da ka riƙa tsinto shi a waya da ƙarfe biyun dare. A cikin maza 100 masu tangarɗar BRCA2, kimanin 7 ne ke samun sankarar mama a tsawon rayuwarsu. Da yawa ne in an kwatanta da sauran maza, waɗanda a cikinsu wajen mutum 1 ne cikin 1,000, amma juya shi ka gani: 93 ba sa samu. Na furostet, wato ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji ya zagaye hanyar fitsari, shi ya fi girma: kusan mutum 1 cikin 4 kafin shekara 80, wasu binciken ma sun kawo sama da haka, kuma idan ya zo wa mai BRCA2 yakan zo da wuri, ya fi kuma saurin yaɗuwa. Na fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi mai samar da insulin, bai kai 10 cikin 100 ba a yawancin ƙididdiga. Galibin alƙaluman nan daga Turawa aka tattaro su, mu kuwa baƙar fata dama can ciwon furostet ya fi kama mu tun kafin a zo maganar BRCA. A Nijeriya shi ne kan gaba a cututtukan dajin maza. Ban rage maka komai ba. Amma duk inda ka duba cikin lissafin nan, ba za ka ga wurin da aka rubuta 100 cikin 100 ba.

Akwai dalilin da ya sa maza ke jin kansu baƙi a wannan magana. A 1990 ne wata masaniya a Kalifoniya, Mary-Claire King, ta nuna cewa akwai ƙwayar gado guda da ke sa sankarar mama bin wasu iyalai. A 1994 aka tantance BRCA1, a 1995 kuma masana a Ingila ƙarƙashin Michael Stratton suka gano BRCA2, kuma cikin iyalan da suka bi har da waɗanda mazansu ke samun ciwon a ƙirji. Duk da haka mata ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa. Wani babban bincike na 2017 ya nuna haɗarin mace mai BRCA2 na samun sankarar mama ya kai kashi 69 cikin 100 kafin shekara 80, na gidan ƙwai kuma kashi 17. Da 'yar fim ɗin nan Angelina Jolie ta bayyana a 2013 cewa an cire mata nonuwa biyu saboda BRCA1, mata suka yi tururuwa zuwa gwaji, maza suka koma gefe, wai ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ko a Amurka, binciken da aka wallafa a 2018 ya samu cewa mazan da ke yin gwajin ba su wuce ɗaya bisa goma na yawan matan ba, alhali rabin masu ɗauke da tangarɗar maza ne. Kada kuma wani ya ce maka ciwon Turawa ne. Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Nijeriya da ke Jami'ar Shikago, da abokan aikinta na Ibadan sun gwada mata 1,136 masu sankarar mama, suka samu kimanin 11 cikin kowane 100 suna da tangarɗa a BRCA1 ko BRCA2. Ka yi tunanin 'yan'uwansu maza nawa ne ke yawo da ita ba su sani ba. Kai da ka miƙa hannu aka ɗebi jininka ka riga ka yi abin da ya gagari maza da yawa.

Bari in gaya maka yadda darenka yake, ko da ba ka faɗa mini ba. Ka tashi fitsari, ka dawo ka kwanta, sai zuciya ta ce maka ai jiya ma ka tashi. Ka jawo waya. Kafin kiran assalatu ka karanta labarin mutanen da ba ka sani ba, a ƙasashen da ba ka taɓa zuwa ba, duk kuma waɗanda abin ya ƙare musu da muni ne, domin wanda ya tsufa lafiya ba ya zama ya rubuta labarinsa. A banɗaki ka yi ta matsa ƙirjinka har ya yi tsami, gobe tsamin da ka jawo da hannunka ya zama sabon abin tsoro. Masana sun daɗe da sanin wannan hali. Tun farkon shekarun 1990 Caryn Lerman a Amurka ta tsara 'yan tambayoyi na auna shi, kuma ba su tsaya kan ko mutum yana tunanin ciwon ba, don kowa yana yi. Sau nawa tunanin ke zuwa? Yana ɓata maka rai? Yana hana ka harkokinka? A nan ake gane damuwar da ke kai mutum asibiti da wadda ke hana shi zuwa. Ta biyun ce nake jin tsoro a kanka, don na ga waɗanda tsoro ya yi wa yawa har suka daina bi ta ƙofar asibiti, sai ranar da aka kawo su a kwance.

To, ga aikin da za ka ba ta.

Shawarar likitoci a Amurka da Ingila ita ce mai BRCA2 ya fara gwajin jinin da ake kira PSA yana shekara 40, sau ɗaya a shekara. Binciken IMPACT, wanda Farfesa Ros Eeles ta jagoranta daga Landan, shi ya ƙarfafa wannan a 2019. Saura maka shekara biyu, amma da yake mahaifinka ya yi ciwon, je ka ga likitan mafitsara tun yanzu ku tsara lokacin farawa. Akwai su a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai su a na Shika. Zaɓi lokacin da ba za ka manta ba, ko bayan ƙaramar salla ne, ka riƙa ajiye sakamakon a fayil guda, domin yadda lambar ke tafiya shekara bayan shekara ya fi lamba guda ɗaya bayani. In wata shekara ta hau, kada ka fara rubuta wasiyya. PSA tana hawa saboda ƙwayar cuta a hanyar fitsari, ko girman furostet na shekaru, ko kusantar iyali kwana ɗaya ko biyu kafin gwajin, har ma da dogon tuƙin keke. Ana maimaitawa, a ɗauki hoton MRI, sannan a duba ko akwai buƙatar ɗiban tsoka. Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne ciwon dajin furostet a farkonsa yawanci ba ya nuna alama ko ɗaya. Yawan tashi fitsari galibi daga wani abu ne dabam, wani lokacin ma shayin da ka sha bayan isha'i ne. Ke nan ƙirga fitsarin dare ba ya gano maka komai. 'Yar kwalbar jini ɗaya a shekara ita ke yin wannan aikin. Waɗanda aka kama nasu bai fita daga furostet ba, inda ake da magani, kusan dukkansu suna nan da ransu bayan shekara biyar.

Ƙirji kuwa daga shekara 35 ake fara dubawa, ka ga kai ka riga ka shiga. Sau ɗaya a wata, na ce a wata, ba kullum ba. Bayan ka yi wanka, tsaya gaban madubi ka duba ɓangarorin biyu. Ɗaga hannu ɗaya, ka shimfiɗa yatsun ɗayan uku, ka bi da cikinsu a hankali kana zagayawa, daga kan nono da bayansa har cikin hammata; kada ka tsunkula da ɗan yatsa da babban yatsa, don in ka yi haka kowace tsoka ƙulli za ta zama maka. Abin da ake nema ƙulli ne mai tauri, yawanci a ɓangare ɗaya, sau da yawa ba ya ciwo, ko kan nono ya shige ciki, ko fata ta tattare, ko ruwa ko jini ya fito. Kumburi mai laushi a ɓangare biyu, irin wanda ƙiba ko wasu magunguna ke kawo wa maza, yawanci wani abu ne dabam, amma likita ne zai faɗa. Shi ma ya duba ka sau ɗaya a shekara. Mathew Knowles, mahaifin mawaƙiyar nan Beyoncé, ɗigon jini ya riƙa gani a rigarsa. Bai ce wanki zai fitar ba, ya je aka duba, aka samu sankara a matakin farko, aka yi masa aiki, gwaji kuma ya nuna BRCA2 ce. A 2019 ya fito ya faɗa wa duniya da bakinsa. In ka gama dubawar watan, ka sa rigarka, shi ke nan sai wani watan. Duk lokacin da hannunka ya tafi ƙirji a tsakani, ce masa ba ranarsa ba ce.

Fankiriyas ba ta da gwaji mai sauƙi irin na PSA. Ana tattauna sa mata ido ne wajen shekara 50, musamman in wani a dangi ya taɓa yin ciwon. Abin da ke hannunka yau shi ne taba. Sigari na cikin manyan abubuwan da ke ƙara haɗarinta, shisha ma ba sassauci ba ce. Kula da tumbi kada ya riga ka shiga ɗaki. Masu mota da lasifika a bakin tasha, waɗanda maganinsu ɗaya ke wanke mara, ya narkar da furostet, ya ƙara ƙarfi, ka bar su da kasuwarsu. Babu jiƙon da ke sauya ƙwayar gado.

Ko da ciwon ya zo, Allah ya kiyaye, ba labarin mahaifinka za a maimaita ba. Shi ba wanda ya san abin da ke jininsa, sai da baya ya hana shi ruku'u aka tafi asibiti. Kai kuwa an sani tun kana da ƙarfinka, kuma sanin yana sauya magani. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da olaparib ga masu ciwon furostet da ya yaɗu waɗanda ke da irin wannan tangarɗa. Dabararsa ita ce ya toshe wata hanyar gyara ta daban, sai ƙwayar ciwon, wadda dama ta rasa BRCA ɗinta duka biyu, ta rasa abin dogaro ta mutu. Yana da tsada ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba, amma shekarun baya ko mai kuɗi bai da inda zai saye shi.

A 1895 wani likita a jihar Mishigan ta Amurka, Aldred Warthin, ya lura matar da ke masa ɗinki tana cikin baƙin ciki. Da ya tambaye ta, sai ta ce ta tabbata ciwon daji ne zai kashe ta da ƙuruciya, don haka ya yi wa danginta ɗaya bayan ɗaya. Haka kuwa aka yi. Warthin ya bi zuriyar ya rubuta tarihinsu a 1913, kuma ciwon nasu, wanda ke jawo dajin babban hanji da na mahaifa, shi ne yau ake kira da sunan Henry Lynch. Tsoron baiwar Allah nan gaskiya ne, sai dai a zamaninta babu abin da za ta yi da shi. Yau masu irin nata ana leƙa musu hanji da kyamara duk shekara ɗaya ko biyu, a cire tsiro tun bai zama ciwo ba. Kai a wannan zamanin aka ba ka naka labarin.

Na san wasu za su ce maka me ya kai ka tono abin da Allah ya rufe, ai da ka yi tawakkali. Ka amsa musu da ladabi. Takardar ba ta san ranar kowa ba, ba ta kuma ƙara wa ajali ko rage shi. Sayyidina Umar, da ya doshi Sham ya samu labarin annoba ta ɓarke a can, juyawa ya yi da jama'arsa, kuma amsar da ya ba wanda ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, kowane ɗalibin islamiyya ya san ta. Yi addu'arka, ka yi sadakarka, ranar gwaji kuma ka tashi ka je.

Yanzu mu zo ga abin da na tabbata ya fi hana ka barci, wanda ba jikinka ba ne. Na ga yadda kake kallon 'ya'yanka mata ranar sunan nan. Nina Hallowell da abokan aikinta a Ingila sun zauna da maza daga irin waɗannan iyalai, suka wallafa a 2006, kuma abin da ya yi ta fitowa daga bakin mazan shi ne 'ya'ya: don su aka yi gwajin, a kansu kuma tunanin laifi yake tsayawa. To, ji nan. Ka taɓa zargin mahaifinka da ya ba ka? Ba ka taɓa ba, don ka san bai zaɓa ba, bai ma sani ba. Hukuncin da ka yi masa shi za ka yi wa kanka. Kowane ɗa da ka haifa, mace ko namiji, rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba, kuma kowace haihuwa da nata rabon. Yana yiwuwa duka ukun babu mai ita. Kada ka haɗa wannan da sikila da muka saba gwadawa kafin aure, wadda sai uwa da uba sun haɗu sun bayar ciwo ke fitowa. Nan ɗaya ta isa, maiɗakinka kuma ba ta da hannu a ciki.

Kada ka kai yaran gwaji yanzu. Likitoci ba sa gwada yara a kan wannan, don haɗarin ba ya farawa sai an girma, kuma haƙƙinsu ne su zaɓa da kansu in sun kai 18. Mace mai ɗauke da ita ana fara mata hoton MRI na mama tana 25, a ƙara da mamogiram tana 30, maganar cire gidan ƙwai kuma sai wajen 40 zuwa 45, bayan ta gama haihuwa. Babbar 'yarka tana da shekara 9. Akwai lokaci mai tsawo, kuma ilimin nan ba tsaye yake ba. Sai dai da yake 'ya'yanmu mata sukan yi aure kafin 25, kada ka bari ta tafi gidan miji ba ta sani ba. Na san tsoron: kada magana ta fita a ce gidan wane suna da ciwo a jini, manema su janye. Tsoron yana da tushe, mun san halin mutanenmu. Shi ya sa ba maganar majalisa ba ce, ba ta gidan biki ba. Ita za a fara gaya wa, a natse, in ta yi hankali. Wanda ya zo da gaske kuma, in magana ta kai ga manya, ya ji daga bakinku tare da bayanin likita. Wanda ya gudu saboda wannan, da ma ba zai zauna jinyar zazzaɓi ba. Abu guda da za ka kiyaye shi ne auren zumunci ta ɓangaren mahaifinka: idan miji da mata duka suna ɗauke da BRCA2, ɗansu yana iya gadon biyun, wannan kuwa yana kawo wata muguwar cutar jini tun ƙuruciya, ana ce mata Fanconi. Ba a cika samun haka ba, amma kafin a haɗa 'yarka da jikan baffanka, a yi gwaji.

Maiɗakinka fa? An ce mini har yau ba ka zaunar da ita ba. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, gaskiya ne, amma ba a kan matar da ke kwana kusa da kai tana jin juyinka ba. Ta riga ta san akwai wani abu, kuma abin da take saƙawa a ranta wataƙila ya fi gaskiyar muni. Mace in ta ga miji ya yi shiru yana ɓoye waya, ka san inda tunaninta ke zuwa. Gaya mata, ka tafi da ita wurin likita ta yi tambayoyinta. Idan kuma aka ɗauki makonni barci bai dawo ba, abinci ba ya shiga, abin da kake jin daɗinsa da ya fita daga ranka, ko aiki ya fara lalacewa, to damuwar ta zama ciwo mai zaman kanta, kuma tana da magani. Faɗa wa likitanka ya haɗa ka da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ba hauka ake kai wa can kaɗai ba.

Saura magana mafi nauyi, kuma ni da nake ɗan'uwan mahaifiyarka na fi kowa cancantar faɗarta. An gwada mahaifiyarka ba ta da ita, ke nan daga mahaifinku ta zo. Mahaifinku kuwa ba ɗakinku kaɗai ya haifa ba. 'Yan ubanka, maza da mata, kowannensu yana kan rabi da rabin nan, kamar yadda kai ma kake kafin gwaji. Haka baffanninka da gwaggwanninka da suka rage, in kuma suna da ita, 'ya'yansu ma sun shiga lissafi. Mutane kan ce ciwon ya tsallake wani gida ko wani ƙarni. Ba ya tsallakewa, ta jikin namijin da bai yi ciwo ba yake wucewa shiru, sai ya ɓulla a 'yarsa a rasa daga ina. Na san tun rabon gado zumuncinku da ɗaya ɗakin ya yi sanyi. Na kuma san lokacin da ƙanwarka ta kwanta, an yi ƙananan maganganu, har daga ɓangarenmu, cewa jifa ne, aka riƙa kallon wata baiwar Allah ta ɗaya ɗakin da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Takardar da ke aljihunka ta wanke ta. 'Ya'yanta mata suna da shekara talatin da wani abu, lokacin da ya kamata a ce an fara duba su ke nan, kuma ba su da hanyar sani sai ta bakinka. Wannan gadon ba a kai shi gaban alƙali ba, ba a ba namiji kashi biyu mace ɗaya ba, ba a kuma tambayi ɗakin da mutum ya fito ba.

Ba sai ka tara su ka yi wa'azi ba. Fara da yayanku babba, kai da shi, ka ce ga abin da aka samu, ga abin da likita ya ce, ban zo tsoratar da kowa ba. Wani zai gode, wani zai ce kana yi masa fatan tsiya, wani zai yi shiru sai bayan shekara ya kira ka. Duk ka karɓa. Wanda ya ce ba ya son sani, haƙƙinsa ne, kada ka matsa. Naka shi ne isarwa. Wanda aka gwada aka samu ba ya ɗauke da ita, ka taya shi murna da zuciya ɗaya, don irinsu sukan ji nauyin waɗanda aka samu, har su riƙa ɓuya. Ka tuna masa dai cewa ɗan wanda ya yi ciwon furostet ne, shi ma PSA ba ta wuce shi ba.

In Allah ya kai mu Asabar zan shigo. Ka tanadi babbar takarda da biro, mu je wurin gwaggonku ta cikin gari tun tana iya tunawa, ta lissafa mana wa ya haifi wa, wa ya yi wane ciwo, yana da shekara nawa. Likita zai nemi wannan, kuma ba wanda ya san shi kamarta. Kafin nan ka yi hoton sakamakonka kamar guda goma, shafin da ke ɗauke da cikakken sunan tangarɗar, haruffa da lambobi. Duk ɗan'uwan da zai yi gwaji ya tafi da kwafi ɗaya, don in ɗakin gwaji ya san daidai wurin da zai duba, aikin ya fi sauƙi, sakamakon kuma ya fi tabbas.

Ka gaida mini maiɗakinka da jikokina.

Kawunka.